Ostiyofati da ciwon baya: amsa ga wani mai ɗinki a Birnin Zariya

Wani magidanci mai ɗinkin hannu a cikin Birnin Zariya ya aiko da tambaya. Shekararsa 43, ya fi wata biyar ƙugunsa na ciwo, wani lokaci wuya ma ya riƙe. Ƙanensa da ke zaune a Ingila ya gaya masa shi ma ya yi irin wannan ciwon, ya je wurin mai ostiyofati, aka lanƙwasa shi 'yan lokuta ya miƙe garau. Ya kuma ga bidiyoyi a Facebook ana murɗe wa mutane wuya da baya ana jin ƙas-ƙas, masu yi suna cewa har olsa da asma da rashin haihuwa suna warkarwa. Yana son sanin mene ne wannan magani, ko da gaske yana aiki, ko ɗaya yake da ɗori, da inda zai same shi a nan.

Malam, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Ni aikina gashin ƙashi ne, wato fisiyo. Ban yi makarantar ostiyofati ba, amma yawancin dabarun hannun da suke taƙama da su, mu ma da su muke aiki kullum, kuma binciken da aka yi a kansu a fili yake. Idan ciwonka irin na tsoka da gaɓa ne, wanda dogon zama da sunkuyo ke tayarwa, hannun gwani zai rage maka shi. Sauƙin matsakaici ne, kuma ba ya daɗewa in kai ba ka ɗora da naka motsin ba. Sannan kafin kowa ya danna maka baya, sai an tabbatar ba wata cuta ce ke cin ƙashin ta ciki ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna, domin bayan ɗan Zariya da bayan mazaunin Landan ba abu ɗaya ke kama su ba.

Wanda ya ƙirƙiro ostiyofati wani likita ne ɗan Amurka, Andrew Taylor Still, haifaffen jihar Bajiniya a 1828. A 1864 sanƙarau ya shiga gidansa ya kashe masa yara uku, likitoci na tsaye ba abin da suka iya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda sanƙarau ke ɗauke yaro cikin kwana biyu a lokacin zafi a nan Arewa, ba sai an yi masa bayanin halin da mutumin ya shiga ba. Maganin asibiti na zamanin kuwa ba abin a yaba ba ne: a zubar wa majiyyaci jini, a ɗura masa maganin da ke ɗauke da sinadarin makuri har haƙora su yi ta girgiɗi, a bi shi da barasa. Still ya yanke ƙauna da wannan. A 1874 ya fito da tasa fahimtar, cewa jiki abu guda ne mai iya gyara kansa, cuta kuma na samuwa ne idan ƙashi ya kauce ya danne hanyar jini ko ta jijiya. A daidaita ƙashin da hannu, jiki ya ƙarasa sauran. A 1892 ya buɗe makaranta a garin Kirksville da ke jihar Misuri, wadda yanzu ta zama jami'a mai ɗauke da sunansa.

Wani ɓangare na maganarsa ya tsaya. Likita ya dubi mutum gaba ɗayansa, ya taɓa shi da hannu, kada ya yi saurin ɗura masa magani, wannan har gobe shawara ce mai kyau. Amma batun cewa kaucewar ƙashi ce uwar cututtuka, tun yana raye ilimi ya wuce wurin. A 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar da ke kawo tarin fuka, bayan shekara biyar aka gano ta sanƙarau.

Daga nan almajiransa suka rabu gida biyu, kuma in ba ka san wannan ba za ka ruɗe. Na Amurka suka rungumi ilimin likitanci gaba ɗaya. A yau mai digirin DO, wato digirin likitan ostiyofati, a can cikakken likita ne, yana rubuta magani, yana yin tiyata, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a ƙasar irin waɗannan makarantu suke. Da yawansu bayan sun gama ba sa ma waiwayar aikin hannun. Na Ingila kuwa a kan hannun suka tsaya. Wani ɗalibin Still mai suna John Martin Littlejohn ya buɗe makaranta a Landan a 1917, a 1993 majalisar ƙasar ta yi doka, ta yadda laifi ne mutum ya kira kansa mai ostiyofati ba tare da rajista ba. Karatun yakan ɗauki shekara huɗu, da aƙalla awa 1,000 na duba majiyyata a gaban malami. Irin wannan ƙanenka ya gani: ba ya rubuta magani, ba ya tiyata, amma ya san jikin ɗan Adam, akwai kuma hukumar da za ta ƙwace masa lasisi in ya yi ɓarna. Akwai wata sana'ar makwabciyarta, kairofaraktik, wadda D. D. Palmer ya kafa a 1895. Da yawan bidiyoyin ƙas-ƙas ɗin nan nasu ne, wasu kuma na waɗanda ba su taɓa shiga kowane aji ba.

In ka je wurin wanda ya san aikinsa, kujera zai fara nuna maka kafin gado. Zai tambaye ka yaushe ciwon ya fara, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi, ko yana sauka ƙafa, ko yana tashinka daga barci, ko ka rame, ko kana zazzaɓi da yamma, yaya fitsari da bayan gida, waɗanne magunguna kake sha. Sai ya sa ka miƙe, ka sunkuya, ka karkata dama da hagu, ka taka a kan dunduniya, ka taka a kan yatsu. Ya kwantar da kai rigingine ya ɗaga ƙafarka a miƙe ya ga ko ciwon zai harba zuwa sha-raɓa, ya ƙwanƙwasa gwiwa da ɗan gudumar roba, ya shafa fatar ƙafafun biyu ya tambaye ka ko ji ɗaya ne. Wannan rabin awar farko ita ce mafi tsadar abin da ka biya.

Aikin hannun kansa iri-iri ne. Akwai tausar tsoka da jan ta a hankali. Akwai kaɗa gaɓa, inda zai ɗora tafin hannu a kan ƙashin baya guda ɗaya ya riƙa dannawa yana saki, a hankali, har wurin ya saki jiki. Akwai wata dabara da nake so ƙwarai saboda ba ta da haɗari: zai kai ƙafarka ko wuyanka daidai inda ya tsaya ya ƙi wucewa, ya ce ka tura hannunsa da ɗan ƙarfi kaɗan, ku yi kamar daƙiƙa biyar kuna riƙe da juna ba mai motsi, sai ya ce saki, ka saki numfashi, sai ka ga gaɓar ta ƙara tafiya ɗan taƙi. A maimaita sau uku ko huɗu. Na ƙarshe shi ne wanda ya yi suna. Ka kwanta a gefe, ƙafar sama a lanƙwashe, ya tura kafaɗarka baya ya jawo ƙugunka gaba har jikin ya ɗaure, sannan ya yi wata 'yar gajeriyar turawa mai sauri. Ƙas! Gwani ba ya sa ƙarfi sosai. Saurin ne da sanin inda za a tsaya.

Ƙarar nan ita ce dai wadda kake ji in ka ja yatsunka. A cikin gaɓa akwai ruwa mai yauƙi da iska narke a cikinsa. In aka buɗa gaɓar farat ɗaya sai iskar ta yi kumfa, a ji ƙara. Shi ya sa in ka ja yatsa ya yi ƙara, sai ka jira kamar minti 20 kafin ya sake yi. Babu wani ƙashi da ya koma mazauninsa. Ƙasusuwan baya masu motsi 24 ne, 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, kuma ɗaure suke da jijiyoyi masu tsananin ƙarfi, ba sa gocewa don mutum ya zauna ɗinki. Akwai masu zamewar ƙashin baya ta gaske wadda ake gani a hoto, to ita ma hannu ba ya mayar da ita. Abin da hannu ke yi, bisa abin da aka fi yarda da shi yanzu, ta jijiyoyin ji yake bi: yana rage yadda laka da ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙon zafi na ɗan lokaci, tsokar da ta ɗaure ta saki, mutum ya samu zuciyar motsawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ina jin haushin mai magani da zai ce wa mutum "ƙashinka ne ya goce, na mayar." Daga ranar ka saka masa tsoron bayansa, ya daina sunkuyawa, ya daina ɗaukar ɗansa, duk sanda ya ji ɗan motsi ya garzayo a sake mayarwa, a sake biya.

To, yana aiki? An gwada, ba sau ɗaya ba. A 1999 aka buga wani bincike da aka yi a Shikago, inda aka kwatanta masu ciwon baya da aka yi wa ostiyofati da waɗanda aka yi wa maganin asibiti na yau da kullum. Bayan sati 12 sauƙinsu ɗaya ne, sai dai 'yan ostiyofatin sun sha magani ƙasa da ɗayan ɓangaren. A Birtaniya a 2004, cikin mutum 1,334, ƙara aikin hannu a kan kulawar likita ya kawo ɗan ƙarin sauƙi a wata uku, ya ragu zuwa shekara. A Tekzas a 2013 aka ɗauki mutum 455, wasu aka yi musu na gaske, wasu aka yi musu taɓawar bogi ba tare da sun sani ba. Rabin waɗanda aka yi wa na gaske ciwonsu ya ragu da rabi. A cikin 'yan bogin ma kashi 35 cikin 100 sun samu irin wannan sauƙin. Ka tsaya a kan wannan adadin na biyu, don yana nuna maka yawan aikin da lokaci da kulawa da sa rai ke yi su kaɗai. Na Faransa da aka buga a 2021, mai mutum 400, ya fi sanyaya gwiwa: tazarar na gaske da na bogi maki 3 ne da 'yan kai cikin 100 a ma'aunin iya hidimar yau da kullum, har masu binciken da kansu suka ce da wuya majiyyaci ya ji wannan bambancin a jikinsa. Da aka tattara gwaje-gwaje 47 na lanƙwasa baya a 2019, abin da ya fito shi ne yana yin daidai da sauran magungunan da ake ba da shawara, kamar motsa jiki. Bai fi su ba.

Saboda haka hukumar NICE, mai tsara wa asibitocin Ingila ƙa'idojin magani, ta ce a 2016 ana iya yin aikin hannu ga mai ciwon ƙugu, amma a haɗe da motsa jiki, ba shi kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a ƙarshen 2023 ta sa shi cikin abubuwan da za a iya ba mai daɗaɗɗen ciwon baya. A lissafinta mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙugu a duniya a 2020, kuma wajen kashi 90 cikin 100 ba a samun wata takamaimiyar cuta a tare da su. Ciwon wuya da wasu ciwukan kafaɗa su ma hannu na taimaka musu gwargwado. Ƙanenka ba ƙarya ya yi maka ba. Sai dai sabon ciwon baya mafi yawansa yana yin sauƙi sosai cikin sati shida ko an taɓa ko ba a taɓa ba, kuma mutum yakan nemi magani ne ranar da ciwo ya kai maƙura, wanda daga nan sai sauka. Naka da ya haura wata uku ya shiga wani layin, ba lalle zuwa uku ya sallame ka ba.

Olsa da asma da rashin haihuwa kuwa, babu hujja. Galibin olsa ƙwayar cuta ce ke kawo ta ko magungunan kashe zafi, maganinta kuma sananne ne. Mai asma da ya ajiye abin shaƙarsa don ana danna masa baya yana wasa da ransa. Akwai wani reshe da William Sutherland ya fito da shi a shekarun 1930, mai cewa ƙasusuwan ƙoƙon kai suna wani numfashi nasu da ake ji da yatsa a daidaita, ana yawan yi wa jarirai masu kuka. Da aka sa masu yin su biyu suka taɓa kan mutum ɗaya, lissafinsu bai zo ɗaya ba. A Ingilar ma hukumar kula da talla ba ta yarda mai ostiyofati ya tallata cewa yana maganin asma ba. Wanda ya ce maka hannunsa na maganin komai, ka riƙe kuɗinka.

Da ɗori kuwa ba ɗaya suke ba. Maɗori aikinsa karaya da targaɗe da gocewar gaɓa, gado ne a gidajen da aka san su da shi. Mai ostiyofati ba ya taɓa karaya ko kaɗan, asibiti yake turawa. Ina girmama maɗoran da suka san iyakarsu, sai dai duk wanda ya yi aiki a asibitin ƙashi ya ga hannun yaro da aka ɗaure da karare tamau har jini ya daina zuwa, ya yi baƙi, aka yanke. Baya kuma ya fi hannu haɗari, don laka ce a ciki. Haka al'adar nan ta a kwanta rub da ciki a sa yaro ya taka baya: mai gajiyar tsoka zai ji daɗi, mai rubabben ƙashi zai iya kasa tashi.

A nan ne gizo ke saƙa. Nijeriya ita ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, kuma ƙwayar ba a huhu kaɗai take zama ba, tana son ƙashin baya. Mai irin wannan ba lalle ya yi tari ba. Za ka ga saurayi ko magidanci ya shigo yana tafiya a sanƙare, hannu a kan cinya yana tallafe da kansa, ya ce wata huɗu ke nan bayansa na ciwo, ya sha magani, an yi masa ƙaho, an yi tausa. Ka tambaye shi wando, ya ce ya yi masa yawa. Ka tambayi dare, ya ce gumi yake har ya jiƙa zanin gado, ciwon kuma ko ya kwanta ba ya lafawa. Ka sa ya cire riga, ka bi gadon bayan da yatsa, sai ka ci karo da ƙashi guda ya ɗan turo waje, ka ƙwanƙwasa shi kaɗan mutumin ya zabura. Wannan ƙashin ya riga ya rube ta gaba. Turawar da ke sa wani ya ji daɗi, shi za ta iya rufta masa shi a kan laka, ƙafafu su shanye. Alhali maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, na ƙashi yakan kai shekara guda ana sha, kuma ga cibiyar ƙasa ta tarin fuka da kuturta nan a Saye, ba sai an yi wata doguwar tafiya ba.

Sai masu sikila, waɗanda su ma babu ƙasar da ta kai mu yawansu. Ƙashinsu na baya da kan ƙashin cinya sukan mutu saboda toshewar jini, a zo da sunan ciwon ƙugu. Sai dattijon da ya haura 50 mai wahalar fitsari, ko macen da ta taɓa samun ƙullutu a nono, don ciwon daji na yawan tafiya ƙashin baya. Sai tsofaffi, musamman mata, da ƙashinsu ya zaizaye. Akwai kuma wani rukunin da ba a cika tunawa da shi ba: masu shan haɗin maganin gajiya na kemis ko na 'yan tebur kullum. Sau da yawa akwai dekzametason ko firedinisolon a ciki, waɗanda in aka daɗe ana sha suke cinye ƙarfin ƙashi, fuska ta yi kumburi mutum ya ɗauka ƙiba ce. Mai shan maganin tsinka jini shi ma ba a yi masa turawar ƙarfi. Duk waɗannan likita suke buƙata da gwaji kafin hannu.

Wasu alamun kuma ba sa jiran gobe. In fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba ka sani ba, ko bayan gida ya kuɓuce maka, ko tsakanin cinyoyinka da mazaunai suka mutu ba ka jin ruwan tsarki, ko ƙafa ta fara ja da ƙasa, a ranar ka tafi sashen gaggawa na asibitin koyarwa a Shika. Jijiyoyin ƙarshen laka ne aka matse, kuma da awoyi ake lissafin ceto su.

Wuyan da ka ce yana riƙewa, shawarata kada ka bari a fizge shi. A cikin ƙasusuwan wuya akwai hanyoyin jini biyu masu hawa ƙwaƙwalwa. An samu mutanen da bangon jijiyar ya tsage bayan murɗawa, suka samu shanyewar ɓarin jiki. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma masana na jayayya kan ko murɗawar ce ke tsaga ta ko dama tsagewar ce ta kawo ciwon wuyan. Amma tunda kaɗawa a hankali da motsa jiki suna ba da sauƙi kusan iri ɗaya, ban ga dalilin ɗaukar kasadar ba. Wanda aka gama yi wa aski, wanzami ko mai shago ya kama kansa zai fizge a matsayin gyara, ya ce masa a'a. Abin da aka saba gani bayan aikin hannu shi ne ɗan tsami da gajiya na kwana ɗaya ko biyu, wajen rabin mutane sukan ji shi, yana wucewa da kansa.

Za ka ce to a fara da hoto mana. In babu ko ɗaya daga alamun da na ambata, hoto ba ya ƙara komai, yakan ma rikita mutum. An tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan a wani nazari na 2015: kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwansu ya fara sauyawa, a 'yan shekara 80 kashi 96. Kamar furfura ce, ta ciki. Mai shekara 43 in aka sa shi a na'urar hoto ta MRI da wuya a rasa abin rubutawa, kuma ba lalle abin da aka rubuta ne ke masa ciwo ba. In kuwa akwai rama ko zazzaɓi ko raunin ƙafa, a nan hoto da gwajin jini wajibi ne.

Inda za ka samu: masu cikakkiyar shaidar ostiyofati a Nijeriya 'yan ƙalilan ne, kada ka wahalar da kanka da neman sunan. Hukumar MRTB, wadda aka kafa da dokar 1988, ita ke yi wa likitocin fisiyo rajista, masu ostiyofati da kairofaraktik ma suna ƙarƙashinta. Duk wanda zai taɓa maka baya da wannan sunan, ka nemi ganin lasisinsa na bana. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara ganin likita, a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan tunda shi ne kusa da kai, ko a Shika, ya duba ka, ya tura ka sashen fisiyo. Aikin hannu ba baƙo ba ne a wurinmu. Farfesa Vincent Nwuga na jami'ar Ife ya yi suna a kansa tun shekarun 1970, har akwai dabarun danna baya da ake koyarwa a makarantunmu da sunansa. Ka faɗa musu kai tsaye cewa kana son a haɗa maka da aikin hannu, kada a tsaya ga fitilar gashi da na'urar lantarki kawai, don su ma sauƙinsu na ɗan lokaci ne. Mace kuma tana da damar ta nemi mace ta duba ta, ko ta shiga da 'yar rakiya. In an yi zama huɗu zuwa shida ba ka ga canji ba, a sake lale. Wanda ya yanka maka kuɗin zama talatin tun ranar farko, kasuwa yake ci.

Sauran aikin a zaurenka yake. Na san zaman masu ɗinkin babbar riga: a kan tabarma, ƙafa a harɗe, riga a kan gwiwa, kai a sunkuye a kan aska biyu ko aska takwas tun hantsi har kiran azahar. Zaman kansa ba haramun ba ne, daɗewa a cikinsa ba motsi ne ke tara ciwo. Duk rabin awa ka ajiye allura, ka miƙe, ka dafa ƙugu da hannu biyu ka ɗan lanƙwasa baya sau biyar, ka zaga ka dawo. Ka sa matashi a ƙarƙashinka don ƙugu ya ɗan fi gwiwa tudu, ka jingina da bango, ka ɗora wani matashin a cinya aikin ya tasam ma ido. Ka zauna inda haske yake, kuma a shekarunka ka je a auna idonka. Da yawan masu riƙewar wuya a sana'arku tabarau suke buƙata, don in zare ya fara dushewa wuya ne ke biyan bashin. Da safe kafin ka fita, ka kwanta rigingine ka jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, ka karkatar da su dama da hagu, ka ɗaga ƙugu sama ka riƙe ka sauke, sau goma-goma. Ka riƙa tafiyar ƙafa ta minti 20 zuwa 30 kullum. Masallacin da ya ɗan fi nisa ma ya wadatar. Ɗan ciwo lokacin motsi ba ɓarna ba ce, muddin ya lafa kafin washegari. Ka kuma lura ko ciwon ya fi tashi gab da Sallah, lokacin da aiki ya taru, barci ya ragu, masu kaya suna sintiri a ƙofa. Rashin barci da damuwa suna ƙara zafin ciwo da gaske, ba raki ba ne.

Kada ka kwanta jinya kwana da kwanaki, kada kuma ka sayi bel ɗin ɗaure ƙugu, ƙa'idojin da na ambata duka biyu ba su goyi bayansa ba. Tsumma mai ɗumi ko ruwan zafi a gora yana taimakawa da daddare. Ibufurofen da dikulofenak suna rage zafi, amma na 'yan kwanaki ne, bayan cin abinci, kuma in kana da olsa ko hawan jini ko matsalar ƙoda sai da izinin likita. Haɗin kemis kuwa ka bar shi gaba ɗaya. In ka daɗe kana sha kullum, kada ka yanke farat ɗaya, ka kai wa likita ragowar ya gani ya tsara maka yadda za ka sauka. In ka yi sati shida kana wannan tare da fisiyo ciwon bai motsa ba, ko wata sabuwar alama ta ɓullo a tsakani, ka koma a sake duba ka daga farko, a yi gwajin jini da hoto.